Zato a Madadin Bincike: Sharhi a Kan Rahotanni Uku Game da Jinyar Gaggawa ta 'Yan Asalin Ƙasar Kanada

1.0 GABATARWA

Maƙasudin wannan takarda shi ne a yi sharhi a kan rahotanni uku da hukumomi suka fitar a ƙasar Kanada tsakanin 2014 da 2021, waɗanda suka shafi yadda ake karɓar marasa lafiya 'yan asalin ƙasar a sashen taimakon gaggawa na asibitoci. Na farko shi ne rahoton Alƙali Timothy Preston na 2014 a kan rasuwar Brian Sinclair a lardin Manitoba. Na biyu shi ne rahoton lardin Birtish Kolombiya na 2020 mai suna In Plain Sight, watau abin da ke fili kowa yana gani. Na uku kuwa shi ne rahoton mai binciken musabbabin mutuwa, Géhane Kamel, na 2021 a kan rasuwar Joyce Echaquan a lardin Kwibek.

Ma'aunin da za mu ɗora rahotannin nan a kai guda ɗaya ne. A ganinmu, babbar cutar da ke kashe ɗan asalin ƙasa a ɗakin gaggawa tana faruwa ne a kallon farko, lokacin da ma'aikaci ya yanke hukunci a zuciyarsa cewa ya riga ya san abin da ke damun wannan mutum, tun kafin ya auna shi. Saboda haka za mu tambayi kowane rahoto: shin ya gano wannan wuri? In ya gano, shin maganin da ya bayar ya kai wurin?

2.0 SHIMFIƊA

Bisa ƙidayar 2021, 'yan asalin Kanada sun kai kimanin miliyan 1.8, watau kashi 5 cikin ɗari na jama'ar ƙasar. Sun kasu gida uku: Al'ummomin Farko, da Metis, da Inuwit. Dangantakarsu da asibitin gwamnati tana da tsohon tabo. A cikin ƙarni na 20 an keɓe musu asibitoci nasu dabam, musamman domin tarin fuka, inda akan tsare mutum shekara da shekaru nesa da danginsa. An kuma raba yara kimanin 150,000 da iyayensu aka kai su makarantun kwana, waɗanda ba a rufe na ƙarshensu ba sai cikin shekarun 1990. Hukumar Gaskiya da Sulhu, a rahotonta na 2015, ta yi kira 94, bakwai daga ciki a kan kiwon lafiya.

Wajibi ne kuma mu fahimci yadda ɗakin gaggawa yake aiki. Ba a ganin marasa lafiya bisa wanda ya riga zuwa. Nas ce take tantance kowa a bakin shiga, ta ba shi mataki daga 1 zuwa 5. Mai mataki na 1 likita zai duba shi nan take, na 2 cikin minti 15, na 3 cikin minti 30, na 4 cikin awa ɗaya, na 5 kuwa cikin awa biyu. Wannan hukunci ana yanke shi ne cikin 'yan mintoci kaɗan, kuma rabinsa awo ne, rabinsa abin da idon nas ya gaya mata. A nan ne zato yake samun ƙofar shiga.

3.0 RAHOTON ALƘALI PRESTON

Brian Sinclair mutum ne ɗan shekara 45, wanda aka yanke wa ƙafafu biyu, yana tafiya a keken guragu. Ran 19 ga Satumba 2008 wata likita a wani ƙaramin asibitin unguwa ta duba shi, ta ga robar fitsarinsa ta toshe, ta ba shi takarda ta tura shi babban asibitin birnin Winifeg. Ya isa, ya yi magana da wani ma'aikaci a teburin karɓa, sa'an nan ya tura kekensa zuwa ɗakin jira. Ba a shigar da sunansa cikin jerin masu jiran likita ba. Ya zauna awa 34, ya yi amai ba sau ɗaya ba, wasu daga cikin masu jira sun jawo hankalin masu gadi a kansa, amma babu wanda ya duba shi. Da aka zo kansa da tsakar daren 21 ga wata, gawa ta riga ta sandare. A cikin wannan lokaci an tantance marasa lafiya kimanin 150 a ɗakin. Binciken gawa ya nuna ciwon mafitsara ne ya bazu ya kashe shi, babu giya ko ƙwaya a jininsa, kuma babban likitan binciken gawa na lardin ya ce sauya roba da ba da magani, aikin kamar rabin awa, zai iya ceton ransa.

Abu na farko da za mu yaba wa rahoton Preston shi ne ƙwazonsa wajen bin diddigi. Ya yi amfani da hotunan na'urar tsaro da shaidar ma'aikata ya jera abin da ya faru awa bayan awa, har mai karatu ba shi da mafakar cewa ba a san abin da ya auku ba. Ya yanke cewa mutuwar abin kaucewa ce. Daga cikin shawarwarinsa 63 akwai masu amfani ƙwarai, kamar a tabbatar an rubuta duk wanda ya shigo, a riƙa tayar da masu barci a ɗakin jira lokaci lokaci, a kuma kula da duk wanda ya yi amai.

Sai dai fa a nan ne rauninsa yake. Shaidun da rahoton ya tattara da kansa sun nuna cewa ma'aikata sun ga Sinclair. Da aka tambaye su, wani ya ce ya zaci maye ne yake barci ya wartsake, wani ya zaci marar gida ne ya shigo fakewa, wani kuma ya zaci an riga an sallame shi yana jiran mota. Duk zato ukun nan daga tushe ɗaya suka fito, watau siffar da aka saba yi wa ɗan asalin ƙasa matalauci a titunan birnin. Amma da aka zo kashi na biyu na zaman, alƙali ya taƙaita bincike a kan cunkoso da jinkiri a ɗakunan gaggawa. Wannan ne ya sa dangin mamacin da ƙungiyoyin 'yan asalin ƙasa suka janye daga zaman a farkon 2014.

Mu a namu nazari, an bar jaki ana dukan taiki. Cunkoso yana iya bayyana dalilin da ya sa mutum ya jira awa shida maimakon biyu. Ba zai iya bayyana dalilin da ya sa mutum 150 suka samu shiga, ɗaya ya rage a zaune kwana ɗaya da rabi ba. Gaskiya ne rahoton ya kawo shawarar horar da ma'aikata a kan al'adu da ɗaukar dattawan 'yan asalin ƙasa aiki, amma ya kawo su ne a gefe, kamar ƙarin gishiri a miyar da aka riga aka sauke. Wannan giɓi ne wasu likitoci da masana suka yi ƙoƙarin cikewa da nasu rahoton na 2017, haka kuma Mary Jane McCallum da Adele Perry a littafinsu na 2018.

4.0 RAHOTON BIRTISH KOLOMBIYA

A watan Yuni 2020 ministan lafiya na lardin Birtish Kolombiya, Adrian Dix, ya naɗa tsohuwar alƙaliya Mary Ellen Turpel-Lafond ta binciki wani zargi: wai ma'aikata a wani ɗakin gaggawa suna wasan cankar yawan giyar da ke jinin marasa lafiya 'yan asalin ƙasa. Rahoton ya fito ran 30 ga Nuwamba 2020. Bai sami hujjar cewa akwai shiryayyen wasa irin wannan ba, kuma ya faɗi haka a fili. Wannan gaskiya da ya faɗa ta ƙara wa sauran abin da ya gano nauyi.

Kusan mutum 9,000 suka ba da bayani, aka kuma duba bayanan jinya na mutum kimanin 185,000. Kashi 84 cikin ɗari na 'yan asalin ƙasar da suka amsa tambayoyi sun ce an nuna musu wariya a wurin neman magani. Fiye da rabin ma'aikatan lafiya 'yan asalin ƙasa sun ce su ma an nuna musu a wurin aiki. Rahoton ya jera ire-iren kuɗin goron da ake yi musu: mashaya ne, masu neman ƙwaya ne, ba sa bin umarnin likita, sun cika zuwa asibiti ba dalili. Har wa yau alƙalumansa sun nuna cewa yawan zuwan mutanen Al'ummomin Farko ɗakin gaggawa ya haura na sauran jama'a da kimanin kashi 75 cikin ɗari, saboda da yawansu ba su da likitan da ke duba su yau da kullum.

Wannan batu na ƙarshe, a ra'ayinmu, shi ne mafi daraja a cikin rahoton, domin ya nuna yadda cutar take ciyar da kanta. Wanda aka wulaƙanta jiya ba zai zo asibiti gobe ba sai ciwo ya ci ƙarfinsa. In ya zo a makare, sai a ce ba ya kula da kansa. In ya riƙa zuwa saboda ba shi da wani wurin, sai a ce ya cika zuwa. Ko ta ina ya ɓullo, zaton yana samun abin da zai ƙara tabbata da shi.

Amma rahoton yana da nakasu biyu. Na farko ya shafi hanyar bincike. Waɗanda suka amsa tambayoyin su ne suka kawo kansu, ba zaɓo su aka yi bisa ƙa'idar samfuri ba. Saboda haka adadin kashi 84 yana gaya mana halin waɗanda suka yi magana ne, kuma mai son musu zai iya kama wannan ya yi watsi da sauran. Na biyu shi ne, ko da yake a ɗakin gaggawa zargin ya taso, shawarwarin 24 sun fi karkata ga sama: neman gafara, gyaran dokoki, ƙirƙiro sababbin muƙamai da kwamitin aiwatarwa. Duk waɗannan suna da kyau. To amma nas da ke zaune a teburin tantancewa da ƙarfe uku na dare, me zai sauya a aikinta gobe? Rahoton bai sauko can sosai ba. Jayayyar da ta taso a 2022 game da asalin shugabar binciken ba ta shafi ƙimar shaidar dubban mutanen da suka yi magana ba, shi ya sa ba za mu tsaya a kanta ba.

5.0 RAHOTON KAMEL

Joyce Echaquan 'yar ƙabilar Atikamek ce daga Manawan, tafiyar kusan awa uku a mota daga garin Joliyet. Shekarunta 37, 'ya'yanta bakwai, kuma tana da tsohon ciwon zuciya. An kai ta asibiti ran 26 ga Satumba 2020 da ciwon ciki. Ran 28 ga wata, tana cikin azaba, ta kunna wayarta ta watsa halin da take ciki kai tsaye ta Facebook, duniya ta ji ma'aikata suna zaginta da Faransanci. Ba a jima ba ta rasu. Wannan ya faru ne shekara guda bayan Hukumar Viens ta ba gwamnatin Kwibek rahoto mai kira 142, inda ta tabbatar da cewa ana nuna wa 'yan asalin ƙasa bambanci a ma'aikatun lardin.

Daga cikin rahotannin uku, na Kamel ne ya fi cika ma'auninmu. Ya nuna cewa tun da wuri aka laƙaba wa matar lambar mai shan ƙwaya, ba tare da hujja ba, daga nan kuma duk abin da jikinta ya nuna sai aka fassara shi da cewa ƙishirwar ƙwaya ce. Da ta yi ihu, aka ɗaure ta aka ba ta maganin kwantar da hankali. Aka bar ta a hannun wata sabuwar ma'aikaciya mai 'yan watanni a aiki, ba a sa mata ido yadda dokar ɗaure majinyaci ta tanada ba, ba a kuma garzaya da ita ɗakin farfaɗowa a kan kari ba. Alhali ruwa ne yake taruwa a huhunta saboda zuciyarta ta gaza. Akwai jami'ar hulɗa 'yar Atikamek da aka tanada domin irin wannan rana, amma asibitin bai saka ta cikin aikinsa yadda ya kamata ba.

Abin lura a nan shi ne, Kamel ba ta raba kuskuren aiki da wariya gida biyu ba, kamar yadda Preston ya yi. Ta nuna cewa ɗaya ne ya haifi ɗaya: zato ya haifi kuskuren gane cuta, kuskuren gane cuta ya haifi sakaci. Ta kammala da cewa wariya da son zuciya sun taimaka wajen mutuwar. Shawararta ta farko ita ce gwamnatin Kwibek ta amince akwai wariya da ta ginu a cikin tsarin ma'aikatunta.

Inda muke da ja shi ne, wannan shawara ta farko ta haɗiye sauran. Firimiyan lardin na lokacin, François Legault, ya ƙi amincewa da kalmar, kamar yadda gwamnatinsa ta ƙi karɓar Ƙa'idar Joyce da shugabannin Atikamek suka gabatar a Nuwamba 2020. Sai muhawara ta koma kan ma'anar kalma, aka yi ta kai da kawowa a majalisa da jaridu, shawarwarin da suka shafi yawan nas-nas da ɗaure majinyaci da musayar bayanai tsakanin asibitin da ƙaramin asibitin Manawan ba su sami irin wannan kulawa ba. Laifin ba na mai rahoto ba ne ita kaɗai, amma rahoton da ya rataya nauyinsa a wuyan furucin ɗan siyasa ya ba ɗan siyasan nan mabuɗin rufe ƙofa.

6.0 ABIN DA RAHOTANNIN SUKA YI TARAYYA A KAI

Duka rahotannin uku sun dogara ga horar da ma'aikata. A matsayinmu na masu koyar da malamai, wannan fanninmu ne, kuma mun san darasin da ba a jarraba shi a aikace ba, ba shi da tabbas. Lardin Birtish Kolombiya yana da shirin horo irin wannan mai suna San'yas wajen shekara goma kafin 2020, dubban ma'aikata sun yi shi, duk da haka rahoton ya tarar da abin da ya tarar. Kwibek kuma, bayan rasuwar Echaquan, ta wajabta wa ma'aikata horon kimanin minti 90 ta kwamfuta, wanda ya sha suka daga 'yan asalin ƙasar da likitoci a 2022. Ƙirga waɗanda suka halarci horo abu ne mai sauƙi, shi ya sa hukumomi suke son sa.

Irihapeti Ramsden, nas 'yar ƙabilar Mawori ta ƙasar Niyuzilan, wadda ta assasa ra'ayin amincin al'ada a aikin jinya, har hukumar nas-nas ta ƙasarta ta shigar da shi cikin manhaja a 1992, ta kafa shi ne a kan cewa majinyaci ne zai faɗi ko ya sami aminci, ba mai jinya ba. Kuma darasin yana farawa ne da ma'aikaci ya binciki kansa da ikon da ke hannunsa. Horon da ya tsaya ga koya wa ma'aikaci al'adun wasu yana iya ƙara masa sabon kuɗin goro a kan tsoho.

Abu na biyu da ya yi ƙaranci shi ne awo a daidai wurin da cutar take. Wani nazari da Patrick McLane da abokan aikinsa suka yi tare da haɗin gwiwar ƙungiyoyin Al'ummomin Farko a lardin Albata, wanda aka buga a 2022, ya nuna yadda za a yi. Sun duba zuwa ɗakin gaggawa fiye da miliyan 11 tsakanin 2012 da 2017. Kashi 7.9 cikin ɗari na zuwan mutanen Al'ummomin Farko ne aka ba matakin gaggawa mai tsanani, na sauran jama'a kuwa kashi 11.8. Domin kada a ce ai ƙananan ciwo suke kawowa, sai suka kwatanta masu ciwo iri ɗaya. Bambancin ya bayyana har a karayar dogon ƙashi. Karaya kuwa ba ta san ƙabila ba. Irin wannan adadi, in kowane asibiti zai fitar da nasa duk shekara, tare da yawan waɗanda suka tafi ba a duba su ba da waɗanda suka dawo cikin 'yan kwanaki, shi ne zai nuna ko horo ya yi aiki.

Abu na uku shi ne iko. A 1988 mutum biyar daga Sandy Lake suka yi yajin cin abinci a asibitin da aka keɓe wa 'yan asalin ƙasa a garin Sioux Lookout na lardin Ontariyo. Wannan ya kai ga yarjejeniyar 1997, aka haɗe asibitocin garin biyu, aka buɗe sabon ginin asibitin Meno Ya Win a 2010, inda akwai tafintoci, da abincin gargajiya, da wakilan al'ummomin a hukumar gudanarwa. A can tafinta ma'aikaci ne cikakke, ba baƙon da zai tsaya a ƙofa yana neman izni ba. In aka kwatanta da halin jami'ar hulɗa ta Joliyet, za a ga cewa muƙami ba tare da iko ba suna ne kawai.

7.0 KAMMALAWA

Mun ga cewa rahoton Preston ya ƙware wajen bayyana abin da ya faru, ya kauce wa dalilinsa. Rahoton Birtish Kolombiya ya ambaci dalilin da sunansa, ya nuna faɗinsa, amma maganinsa ya tsaya a ofisoshin sama. Rahoton Kamel ya haɗa dalilin da aikin jinya ɗaki ɗaki, sa'an nan siyasa ta janye hankali daga kansa. Idan aka jera su bisa shekaru, akwai ci gaba na fahimta wanda ba za a raina ba.

Abin da muke ganin ya rage shi ne a mai da wannan fahimta ta zama ƙa'idar aiki a teburin tantancewa. Kada a rubuta maye ko neman ƙwaya a takardar majinyaci sai da gwaji. Kada a bar kowa a ɗakin jira ba tare da an sake auna shi a kan kari ba. A ba tafinta da jami'in hulɗa ikon kiran babban likita in sun ga ana sakaci. A kuma fitar da alƙaluma a miƙa su ga al'ummomin da abin ya shafa, su yi hukunci da kansu. Hausawa sun ce zato zunubi ne ko da ya zama gaskiya. A wurin Sinclair da Echaquan zaton bai ma zama gaskiya ba, kuma ɗan bincike kaɗan ya isa ya nuna haka.